Tafiyar ƙasa da kwana a tanti cikin manyan tsaunuka: shirin da ya kamata da abin da ke kayar da mutane

Tambaya: Mu huɗu ne, duk matasa masu ƙarfi kuma masu motsa jiki. Muna shirin tafiyar ƙasa ta kwana takwas a cikin wasu tsaunuka masu nisa da gari, ba ta hanyar da 'yan yawon buɗe ido suka saba bi ba. Za mu tashi daga wuri mai tsayin mita 2,800, mu ƙetare wani mashigi mai tsayin mita 4,900, muna kwana a tanti. Wane shiri ya kamata mu yi, kuma me ya fi kawo matsala?

Amsa: Malam, abu na farko da ka ambata, wato ƙuruciya da ƙarfin jiki, shi ne ya fi ba ni tsoro a tambayar nan. Ciwon tsauni bai san mai ƙarfi ba. Hasali ma mai ƙarfi ya fi saurin faɗawa, don ƙafarsa na iya kai shi inda jininsa bai shirya zuwa ba. Dattijon da ke tafe yana hutawa sau da yawa yakan isa lafiya, saurayin da ya wuce shi da safe kuma a same shi kwance yana amai da magariba.

Ga abin da ke faruwa. Kason iskar oksijin a sama da ƙasa duk ɗaya ne, kusan kashi 21 cikin ɗari. Abin da ke raguwa shi ne matsin iskar, ta yadda duk numfashin da ka ja yana shigo maka da oksijin kaɗan. A wajen mita 5,500 abin da kake samu kusan rabin na bakin teku ne. Jiki na iya sabawa, amma a hankali: numfashi ya ƙaru, ƙoda ta daidaita sinadaran jini, daga baya jajayen ƙwayoyin jini su ƙaru. Wannan aikin kwanaki yake ci, kuma ba a yi masa dole. Matsala takan fara ne daga mita 2,500, wato ku tun daga inda za ku sauka mota kun riga kun shiga yankinta.

Ƙa'idar da likitocin tsauni suka tsaya a kai ita ce: da zarar an wuce mita 3,000, kada tsayin wurin kwana ya ƙaru da fiye da mita 500 daga dare zuwa dare, kuma bayan kowane kwana uku ko huɗu a yi kwana biyu a wuri ɗaya. Ka lura, wurin kwana aka ce, ba inda aka taka da rana ba. Kana iya hawa mita 800 da hantsi ka sauko ka kwana ƙasa, wannan ma taimaka wa jiki yake yi. To, mu auna shirinku da wannan ma'auni. Dare biyu a 2,800, don daga ƙasa kuka zo da mota. Dare na uku a 3,300. Na huɗu da na biyar a 3,800. Na shida a 4,300. Rana ta bakwai ku ƙetare mashigin ku sauka can baya ku kwana ƙasa da 4,300. Saura kwana ɗaya tak na fita, ba a ware ko yini guda don hadari ko rashin lafiya ba. Kwana takwas bai isa ba. Ku mai da shi goma ko sha ɗaya, ko kuma ku nemi mashigin da bai kai wannan tsayi ba. Sannu ba ta hana zuwa.

Dole kowane ɗayanku ya san alamun ciwon, domin wanda abin ya kama shi ne na ƙarshe da zai yarda. Mataki na farko yakan bayyana awa 6 zuwa 12 bayan isa sabon tsayi: ciwon kai, tare da tashin zuciya ko rashin son abinci, kasala da jiri. Maganinsa a tsaya. Ba a ƙara hawa ko mita ɗaya na wurin kwana sai alamun sun tafi gaba ɗaya. A sha farasitamol ko ibuprofen, a sha ruwa, a huta. In an kwana an yini bai sauƙaƙa ba, ko ya ƙaru, sai a sauka.

Akwai wasu nau'o'i biyu na ciwon tsauni, su ne masu kisa. Na ɗaya kumburin ƙwaƙwalwa. Mutum ya fara tangaɗi kamar mashayi, ya riƙa sambatu, ko ya yi shiru ya ƙi fitowa daga tanti, ko halinsa ya canza ya riƙa faɗa ba dalili. Gwajinsa mai sauƙi ne: a ja layi a ƙasa, a ce ya bi shi yana ɗora diddigen ƙafa ɗaya a gaban yatsun ɗayar. In ya kasa, magana ta ƙare. Na biyu taruwar ruwa a huhu, wanda ya fi zuwa tsakanin dare na biyu da na huɗu a sabon tsayi. Alamarsa ta farko ba tari ba ce, a'a, mutum ne da jiya yake gaba yau ya koma baya yana haki fiye da kowa. Daga nan sai haki ko yana zaune, busasshen tari, leɓe ya yi shuɗi-shuɗi, a ƙarshe kaki mai kumfa da ɗan jini. Duk wanda ya huta minti goma numfashinsa bai daidaita ba, a ɗauke shi a matsayin mai wannan ciwo har sai an tabbatar ba shi ba ne. Ga duka biyun magani ɗaya ne: sauka nan take, ko da tsakar dare ne, mita 500 zuwa 1,000 ko har sai ya farfaɗo. Ba a jira gari ya waye, ba a barinsa ya sauka shi kaɗai, ba a ɗora masa kaya. Mutane da yawa da suka rasu a tsauni, cewa aka yi bari mu ga yadda zai kwana.

Wannan ya kawo mu ga abin da ya bambanta hanyar da ba a bi da hanyar da kowa ke bi. A hanyar jama'a akwai masauki, akwai waya, wani wurin har da ɗan asibiti. A taku babu. Don haka kowane zango da kuka sa a taswira, ku tambayi kanku: in wani ya kwanta a nan da daddare, ta ina za mu sauke shi mita 1,000, kuma awa nawa zai ci? Wurin da ya fi haɗari shi ne kwarin da ke tsakanin mashigi biyu, inda ko gaba ko baya sai an hau kafin a sauka. Kada ku shiga irin wannan kwari sai duk ku huɗun kuna garau. Mai ɗan ciwon kai bai ƙetare mashigi da fatan zai warke a can baya.

Game da magunguna, ku ga likita kafin tafiya. Acetazolamide, wanda aka fi sani da Diamox, miligiram 125 safe da yamma, ana fara shi kwana ɗaya kafin hawa, yana hanzarta sabawar jiki. Yana sa yawan fitsari da jin tsittsira a yatsu, kuma mai rashin jituwa da magungunan salfa sai ya gaya wa likita. Dexamethasone na kumburin ƙwaƙwalwa da nifedipine na ruwan huhu magungunan gaggawa ne da ke sayen lokaci a kan hanyar sauka, ba na ci gaba da hawa ba ne, kuma likita ne zai rubuta muku adadinsu a takarda. Ƙwayar barci da giya a bar su, don suna rage numfashi cikin barci. Wani abin da ake yawan mantawa: kowa ya san nau'in jininsa, AA ne, AS ko SS. Mai sikila bai dace da wannan tafiya ba sam, kuma mai AS ma, duk da lafiyarsa lau a ƙasa, an san tsayi na iya toshe masa jijiyoyin saifa. Ciwo mai tsanani a ƙarƙashin haƙarƙarin hagu ga mai AS dalilin sauka ne.

Sai lissafin tafiya. Tun 1892 wani ɗan Sikotilan, William Naismith, ya fitar da ma'aunin da har yau ake amfani da shi: awa ɗaya ga kowane kilomita 5, a ƙara awa ɗaya ga kowane hawan mita 600. Kilomita 10 da hawan mita 900 ke nan awa uku da rabi. Amma wannan na mai tafiya ba nauyi ne a hanya mai kyau. Da jaka a baya, a sama da mita 4,000, a kan tsakuwa mai zamewa, ku ninka shi biyu ba ku yi asara ba. Ranar mashigi a tashi da asuba da tocilar goshi, domin da safe ƙanƙara na da tauri, duwatsu na daskare a inda suke, hadari kuma a yawancin tsaunuka da rana yake haɗuwa. Tun da daddare ku yanka lokacin juyawa, misali in sha biyun rana ta yi ba ku kai saman mashigin ba, a koma zango. A yanka shi a ƙasa lokacin da kai ke aiki daidai, don a can sama, ga gajiya ga ƙarancin iska ga mashigin ana hango shi, kowa zai ce saura kaɗan.

Yanzu nauyi, wanda shi ne ke rusa yawancin shirye-shirye. Abin da mutum zai ɗauka kwanaki a jere ba tare da ya illata gwiwa ba bai wuce kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari na nauyin jikinsa. Mai kilo 70 ke nan kilo 14 zuwa 17 da rabi. Abinci busasshe kuwa ana lissafa giram 700 zuwa 900 ga mutum a rana, wato kusan kilo 8 a kwana goma. Ƙara tanti, jakar barci, tufafin sanyi, risho, gas da ruwan sha, ka ga an haura kilo 20 da nisa. Mafita ita ce dabbobin dako ko 'yan dako na yankin, aƙalla zuwa zango na ƙarshe kafin mashigi. In kun ɗauki 'yan dako, ku sani su ma ciwon tsauni na kama su, sanyi na cinsu, kuma takalmansu da wurin kwanansu da saukar da su in sun kwanta duk a wuyanku suke. Jagora ɗan yankin kuma ba ado ba ne. Shi ya san gadar da ruwa ya tafi da ita bara da ƙoramar da ta ƙafe. A wasu wuraren ma doka ce: ba a hawa Kilimanjaro sai da jagora mai rajista, haka yankunan Nepal da aka taƙaita shiga irin su Manaslu da Dolpo ta sama, sai da takardar izini ta musamman da jagora.

In ana hawa, sanyi na ƙaruwa da lissafi, kusan digiri 6.5 ga kowane mita 1,000. Daga 2,800 zuwa 4,300 bambancin ya kai digiri goma. In daren farko ya nuna digiri 2, a zangon sama ku sa ran 8 ƙasa da sifili, ban da iska. Jakar barci takan zo da lambobi uku. Ku dubi ta farko, wadda ke nuna sanyin da mutum zai yi barci cikin jin daɗi, ita ce ya kamata ta kai digiri 10 ƙasa da sifili. Lamba ta ƙarshe da masu talla ke son nunawa tana nufin ba za ka mutu ba ne kawai, ba wai za ka runtsa ba. Kuma jaka komai tsadarta ba ta hana sanyin ƙasa, don nauyin jikinka ya danne abin da ke ƙarƙashinka. Shimfiɗa ce ke wannan aiki. A nemi mai lambar R (ma'aunin yadda shimfiɗa ke tare sanyin ƙasa) 4 ko sama, ko a haɗa ta soso da ta hurawa, lambobinsu na taruwa, kuma in ta hurawa ta huje da dare akwai abin komawa.

A tufafi, auduga ita ce abokiyar gaba. Tana shan gumi ta riƙe, da ka tsaya iska ta buga sai ta zame maka rigar ƙanƙara. A jikin fata a sa ulu ko yadin roba mai saurin bushewa, sai mai ɗumi a tsakiya, sai rigar da ke tare iska da ruwa a waje, da babbar rigar sanyi da ake sawa da zarar an tsaya, tun kafin a ji sanyin. A fara tafiya ana ɗan jin sanyi, in ka fara da ɗumi cikin minti goma za ka jiƙe. Kaya ɗaya na barci da safa busasshiya a ƙulle su a leda, ba a taɓa su da rana komai wuya. In wani ya fara rawar ɗari, hannunsa ya kasa jan zif, maganarsa na sarƙewa, zafin jikinsa ne ke sauka ƙasa da digiri 35. A kafa tanti nan take, a cire masa jiƙaƙƙun kaya, a raba shi da ƙasa, a ba shi abin sha mai ɗumi da sukari in yana iya haɗiya. In rawar ta tsaya alhali bai ɗumama ba, abin ya yi tsanani ne, ba sauƙi ya samu ba. Takalmi kuwa kada ya zama sabo, a yi makonni ana tafiya da shi, kuma da an ji wuri na zafi a ƙafa a tsaya a manna filasta tun bai zama bororo ba.

Wurin kafa tanti a zaɓe shi da sauran rana. Gindin kwari yana jan hankali don ya fi shimfiɗuwa, amma can sanyin dare ke gangarowa ya kwanta, can kuma ruwa ke bi. Ɗan tudu a gefe, mita ashirin ko talatin sama da gindin, yakan fi ɗumi. Busasshen rafi ba wurin kwana ba ne ko da sama tas take, ruwan da aka yi a wani kwarin na iya iso ka. Ka ɗaga kai ka duba: in akwai sababbin duwatsu masu farin karaya warwatse a wurin, daga sama suka faɗo, kuma wasu na tafe. Gangaren dusar ƙanƙara mai karkatar digiri 30 zuwa 45 shi ya fi zaftarewa, ba a kwana a ƙarƙashinsa. A juya ƙaramin gefen tanti wajen iska, a ɗaure duk igiyoyinsa ko da iska ba ta motsi, inda turaku suka ƙi shiga a ɗaura igiyar a jikin ƙaramin dutse a danne da babba. A bar kafar shan iska a buɗe, in ba haka ba numfashinku zai daskare a rufin ya zubo muku da safe. Zango da wurin bayan gida su yi nisan mita 60 daga ruwa, a tona rami mai zurfin santimita 15 zuwa 20, takarda da shara kuma a fito da su. A can sama sanyi ba ya barin komai ya ruɓe.

Girki na da nasa sharaɗin. Ruwa na tafasa da wuri a sama, kusan digiri ɗaya ƙasa ga kowane mita 300, ta yadda a mita 3,000 yana tafasa a wajen digiri 90. Shi ya sa wake da shinkafa ke cinye gas ba su nuna ba. A ɗauki abin da zuba ruwan zafi ya ishe shi ko mai dahuwa cikin minti biyar, da abin taunawa a hanya mai maiƙo da zaƙi, don tsayi na kashe sha'awar abinci kuma dole a ci. Gas ɗin butane zalla yana daina fita da zarar sanyi ya kai sifili. A nemi gaurayen isobutane da propane, a kwana da gwangwanin a cikin jakar barci. Ku lissafa giram 50 ga mutum a rana, wato ku huɗu a kwana goma gwangwani tara masu giram 230, a ninka in ƙanƙara za a narkar. Ba a shiga jirgin sama da gas, sai ku tabbatar ana samunsa a garin ƙarshe. Kada a kunna risho a cikin rufaffen tanti. Iskar da yake fitarwa ba ta da wari, tana kisa, kuma alamunta ciwon kai da tashin zuciya ne, daidai da na ciwon tsauni, sai a ɗauka tsayi ne a kwanta.

Ruwan sha lita 3 zuwa 4 a rana, ma'auninsa launin fitsari. Ruwan ƙorama komai haskensa a tsarkake shi, don ba ka san makiyayar da ke samansa ba, gudawa kuma a mita 4,000 ba wasa ba ce. Tafasawa ta minti uku ta wadatar a wannan tsayi. Ƙwayar chlorine dioxide na buƙatar minti 30, ko awa huɗu in ana son ta kashe Cryptosporidium, wata ƙwayar cuta mai sa gudawa. Matatar ruwa ta hannu kuwa in ta daskare sau ɗaya zaren cikinta ya fashe, ba ka gani da ido amma ta daina aiki, don haka ita ma da batura da waya a jikinka suke kwana.

Rafi na cin rayukan masu tafiyar ƙasa a wurare da dama. Wanda ƙanƙara ke ciyarwa ya fi ƙanƙanta da sassafe, da la'asar kuma ya cika, don haka a kwana a bakinsa a ƙetare da safe. A nemi inda ya yi faɗi ya rarrabu, ba inda ya matse ba. A kwance maɗaurin ƙugu na jaka don a iya yar da ita, a bar takalmi a ƙafa, a fuskanci inda ruwan ke fitowa da sanda a hannu, ana matsar da ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Ruwa mai gudu da ya wuce gwiwa, ko wanda kake jin duwatsu na gungurawa a cikinsa, a bar shi. Ba a ɗaura wa mutum igiya a ƙugu, in ya faɗi ita ce za ta danne shi a ƙarƙashin ruwa.

Rana ma ana raina ta. Zafin haskenta mai ƙona fata na ƙaruwa da kusan kashi 10 cikin ɗari a kowane mita 1,000, sabuwar dusar ƙanƙara kuma na maido da har kashi 80 nasa. Baƙar fata ba ta kare ido. Wanda ya yini a kan ƙanƙara ba tabarau, ko da akwai hazo, da dare zai ji kamar an zuba masa yashi a ido, ya yi kwana ɗaya ko biyu bai iya buɗe shi. A nemi tabarau mai lamba 4, wato mai duhu sosai, mai rufe gefe, da guda ɗaya na ajiya ga ayarin. Tsawa kuwa, in tsakanin walƙiya da ƙararta bai kai daƙiƙa 30 ba, a sauka daga kan tsauni da mashigi, a warwatsu kada a taru wuri ɗaya, a jira minti 30 bayan ƙara ta ƙarshe.

Taswirar waya na da amfani in an sauke ta tun daga gari, amma sanyi na shanye batir, don haka taswirar takarda da kamfas su zo, kuma aƙalla mutum biyu su iya karanta su. Ku ɗauki na'urar neman agaji ta tauraron ɗan'adam, ko dai mai aika saƙo ko mai harba sigina a kan mita 406 MHz, amma ku binciki dokar ƙasar tukuna, Indiya misali tana kama mutane a kan shiga da irin waɗannan na'urori ba izini. Ku karanta takardar inshora da kyau, da yawansu suna da iyakar tsayin da suke biya, ku tabbatar taku ta kai mita 5,000 kuma ta haɗa da jirgi mai saukar ungulu. Shi ma jirgin yawanci ba ya tashi cikin hazo ko da dare, kuna iya jiransa kwana biyu. Kowa ya rataya usur: busa shida cikin minti ɗaya, a yi shiru minti ɗaya, a maimaita, ita ce alamar neman taimako a tsauni, amsarta busa uku. Kafin ku tashi ku bar wa mutum ɗaya a gida takarda mai ɗauke da hanyarku, zangon kowane dare, ranar fitowa, lambar hukumar ceto ta yankin, da rana da sa'ar da in bai ji daga gare ku ba zai kira ta ba tare da ya ƙara jira ba.